Barcin da Goro Ya Kora

A ƙasar Masar, can bayan manyan dalolin nan da ake bugawa a jikin kalanda, akwai wata 'yar kushewa da yashi ya cinye rabinta. A cikinta akwai ƙofar dutse da aka sassaƙa a jikin bango, ba marfi, ba makulli, ba ta zuwa ko'ina. Masu zuwa kallo sukan shafa ta su wuce. Mutum ɗaya na sani da ya bi ta cikinta ya dawo, shi ne Anaruwa mai goro, mutumin Ɗambatta, kuma abin da ya jawo masa bai wuce ɓarin goro ba.

Anaruwa bai je Masar don kallo ba. Matarsa Tasalla ya raka, za a cire mata yanar ido a asibiti. Da safe, da za a shiga da ita, ta lalubo hannun rigarsa ta riƙe.

"Malam, ka zauna a nan. Sun ce sai yamma zan farka, kuma idanuna a ɗaure. Ban san kowa ba a garin nan sai kai."

"Ina zan je, Tasalla?"

"Inda ka saba. Kai ko a zaman makoki sai ka tashi ka je ka ga abin da tumakin mutane ke ci."

Aka shige da ita. Ya zauna, ya gyara hula, ya miƙe, ya sake zama. Ta taga ya hango ƙololuwar dala can nesa. Kafin hantsi yana cikin motar haya, jakarsa ta fata a rataye, goro a ciki naɗe cikin ɗanyen ganye.

Ya zagaya dalolin, ya ƙwanƙwasa duwatsu ya kasa kunne ko zai ji wani abu. Zafi ya kore shi zuwa ƙananan kushewu. Ya tsaya a bakin wannan da na faɗa, ya tuɓe takalmi kamar yadda ake yi a gidan mutane, ya yi sallama. Shi Anaruwa ko rumbu zai shiga sai ya yi sallama, in zai fita daga gida kuwa sai ya yi ban kwana da kowa har da jariri.

Daga ciki aka amsa masa da muryar mai magagi.

Ya sunkuya ya shiga. Bango duk zane ne, manoma da shanu da jiragen ruwa. A gindin ƙofar dutsen ga wani siririn dattijo kwance a kan dakali, naɗe da farin ƙyalle, kansa a kan dutse ba matashi. Anaruwa ya ɗauka mai gadi ne barci ya sace shi a bakin aiki, sai tausayi ya kama shi.

"Ɗan'uwa, tashi, kada maigidanka ya same ka haka. Ungo wannan, zai wartsake ka."

Ya fasa jan goro, ya jefa ɓari ɗaya a bakinsa, ya tura wa dattijon ɗaya. Dattijo ya tauna. Idanunsa suka buɗe tar. Nan take wani abu mai ruwan toka, kamar kyanwa, ya fito daga ƙirjinsa, ya yi atishawa, ya shige ta ƙofar dutsen ya ɓace.

Dattijo ya tashi zaune, gaɓoɓinsa na ƙara kamar ana karya kara.

"Wane ne ya tashe ni? Ni ne Senebu, mai riƙe da maficin Sarki. Na kwanta tun ana ɗora duwatsun dalar can."

Sai wani zane ya ɓamɓaro daga bango ya diro ƙasa, jikin mutum, kan dila, da doguwar sanda a hannunsa.

"Ya kai baƙo ɗan Adam, ka yi ɓarna a gidan da ba naka ba. Ni aka ba amanar wannan bawa. Idan rana ta faɗi, jirginta yakan bi ta ƙarƙashin ƙasa ya wuce ta bayan ƙofar nan, dodanniyar da ake kira Mai Haɗiya tana biye da shi. Duk mamacin da ta samu ido biyu, ta lanƙwame shi, ba ya nan, ba ya can. Ka kori barcinsa, to, zan zare naka in saka masa. Za ka koma gida da ranka, amma ba za ka ƙara runtsawa ba har ranar da za a binne ka."

Anaruwa ya taɓa ganin wani a garinsu da barci ya ƙaurace wa, ya kuma ga yadda ya ƙare yana hira da bango.

"Ranka ya daɗe, ba a yi wa baƙo uzuri? Alheri na nufa."

"Nufinka ba zai sa shi barci ba. Ka kamo wanda ya gudu kafin rana ta taɓa yashi, naka ya tsira."

"Ina zan same shi?"

Senebu ya shafa wuyansa ya ce, "Matashina zai nema. Wasu mutane masu fitilu sun ɗauke shi sun kai wani babban gida mai akwatunan gilashi. Tun ranar wuyan nan ke mini ciwo."

Mai kan dila ya nuna ƙofar da sandarsa. Anaruwa ya yi bismilla ya tura kafaɗa, dutsen ya karɓe shi kamar ruwan rijiya.

Ya fito a wata ƙasa shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma, ba ta da kauri ko kaɗan. Mutanenta kafaɗunsu na fuskantarka, fuskokinsu na kallon gefe, kowa da ido ɗaya. Suna yankan alkama, suna wucewa tana sake miƙewa a bayansu. Ba wanda ke zaune, ba wanda ke kwance.

"Sannunku da aiki," in ji Anaruwa.

Lauje ya tsaya a hannun kowa. Babbansu ya matso a karkace ya ce, "Ya kai mai kauri, tun da aka zana mu ba wanda ya ce mana haka. Tun da kana da kirki, riƙe mini laujen nan in miƙe bayana ko sau ɗaya."

Anaruwa ya miƙa hannu. Yatsunsa na kusantar ƙotar laujen ya ga sun baje, sun zama kamar takarda, launin jan ƙasa na hawa zuwa wuyan hannunsa. Ya fizge hannu ya yi ta yarfewa har yatsun suka cika.

"Ku yi haƙuri, 'yan'uwa, ana jirana. Ga dai abin da ake ba mai aiki a garinmu." Ya ɗebo goro ya raba musu. Suka tauna da gefen baki, suka nuna masa sawun kyanwa da ya bi ta cikin gona zuwa kogi.

Kogin kore ne shar, rabinsa na gudu gabas, rabinsa yamma. A bakinsa akwai jirgin kara da wani mai fito wanda fuskarsa ke ƙeyarsa.

"Ya kai matafiyi, ni inda aka fito kawai nake gani. In za ka haye, kai ne idona."

Anaruwa ya ba shi goro ya shiga, yana gaya masa inda dorina take da inda dutse yake. Suna tsakiyar ruwa sai jirgi ya daki wani abu kamar katanga. Maciji ne, tsawonsa ya tare kogin gaɓa zuwa gaɓa, ɓawon jikinsa kowanne ya kai faifai. Kyanwar ta taka ta kansa ta wuce, shi ya sa yake gyangyaɗi, ido ɗaya a rufe, ɗaya na lumshewa. Anaruwa ya buɗe baki zai ce masa barka da hutawa, mai fito ya miƙo hannu ta baya ya toshe masa baki. Suka sauka a kan gadon bayan macijin, suka ja jirgi a hankali suka tsallakar da shi, naman dabbar na motsi ƙarƙashin tafin ƙafarsu.

Da suka yi nisa mai fito ya ce, "Bakinka zai kashe ka, baƙo."

"Haka uwargida take cewa."

A ɗaya gaɓar akwai wata matakala mai ƙunci, ta yi sama cikin duhu. Ya yi ta hawa da rarrafe har kansa ya bugi wani abu, ya tura, sai ga shi ya fito ta jikin wani akwatin gawa na dutse, a tsakiyar gidan tarihi.

Wuri ne mai sanyi kamar cikin randa, rufinsa ya yi nisa. Gumaka zaune a jere, kowanne ya fi ɗaki tsawo. Amma abin da ya tsayar da Anaruwa mutane ne. Wani mai yi wa baƙi bayani ya yi barci a tsaye, hannunsa na nuni da wata tukunya. Turawa sun jingina da juna a kan benci, bakuna a buɗe. Ya bi inda minshari ya fi ƙarfi har wani lungu, inda mai gadi ya kife a kujera. A cikin wani ɗan akwatin gilashi ga matashin Senebu, na itace ne, kamar jinjirin wata a kan turke. Kyanwar na naɗe a kai.

Yana matsawa ta yi tsalle ta ratsa gilashin, ta ɗare kan wani gunki, gashinta a tsaye.

"Ya kai mai ɗacin baki, nisance ni. Warin abin da ke jakarka shi ya raba ni da gidana."

"Ranki ya daɗe, ki dawo. In rana ta faɗi ba kya nan, nawa za a zare."

"Ina ruwana da naka? Naka ɗan tsako ne, kullum da asuba yake mutuwa. Ni barcin shekaru dubbai ce." Ta lashi ƙafa, ta dube shi. "Amma itacen nan ya yi sanyi babu kan maigidana a kai. Zan bi ka bisa sharaɗi. Ba goro a jakarka, ba a bakinka. Kuma ka sani, wanda ya ɗauke ni, in ya runtsa sau ɗaya, ni da shi mun zama ɗaya. Ba mai tashinsa."

Anaruwa ya dubi jakarsa. Tun yana saurayi bai taɓa yin tafiya ba goro ba. Ya leƙa taga, ya ga inuwa ta fara tsawo. Ya juye sauran goron duka a aljihun mai gadin, yana cewa a ransa wannan dai mai gadi ne na gaske. Ya samu famfo ya kurkure baki, ya goge da asuwaki, ya wanke ganyen da jakar har warin ya fita. Ya yi alwala, ya juya wa gumaka baya ya yi sallolin da ake binsa a gurguje.

Kyanwa ta sauko ta ce, "Matashin fa?"

"Ba ni ɗaukar abin da ban ajiye ba. Zan sama masa wani."

Ya naɗe ta cikin ɗanyen ganyen kamar yadda ake naɗe goro don kada iska ta busar da shi, ya sa a jaka, ya rataya. Jakar ta yi nauyi kamar an cika ta da dutsen niƙa. Hamma ta farko ta kusa tsage masa muƙamuƙi.

Ya gangara matakalar yana buga goshi da bango da gangan. Ya faɗa jirgi. Ruwa ya shiga jijjiga shi kamar goyo, kyanwa kuma ta fara magana daga cikin jaka da wata murya mai laushi.

"Ka tuna tabarma a gindin darbejiya, bayan an ɗauke ruwa, ka ci tuwo ka sha fura? Ka tuna ƙamshin ƙasa? Rufe ido ɗaya kawai, ɗayan ya yi gadi."

Ya mintsini cinyarsa, bai ji ba. Ya ciji harshe, bai ji ba. Ya kai hannu aljihu neman goro, ba komai. Macijin da suka sake tsallakewa ya yi barci har ya nutse rabi, minsharinsa kansa ya zama kamar waƙar reno. Fatar idon Anaruwa ta sauko, ta sauko, saura ƙiris ta haɗu.

A cikin wannan ɗan tsakanin ya ga Tasalla. Ta farka cikin duhun ƙyallen da aka ɗaure mata, ta miƙa hannu tana laluben hannun rigarsa, ta kamo iska. Ana yi mata magana da harshen da ba ta ji. Ta kira shi a hankali don kada a ce ta cika kiran miji, ta sake kira.

Ya miƙe tsaye zumbur, ya zauna, ya sake miƙewa, ya je gaban jirgi, ya dawo baya.

"Zauna, baƙo, za ka kifar da mu," in ji mai fito.

"Ba na iyawa. An daɗe ana gaya mini."

Haka ya yi ta safa da marwa a cikin jirgin kara har suka taɓa gaɓa. Ya dira ya sheƙa da gudu cikin alkama. Duk inda ya gifta da jakar, manoman sai su saki lauje su zube a kunyoyin gona suna barci, a karo na farko tun da aka zana su, shi kuma yana tsallake su yana tuntuɓe. Ya isa bayan ƙofar dutsen ya kutsa.

Hasken da ke shigowa kushewar ya yi ja. Senebu yana kai da kawo daga bango zuwa bango, yana karanta zane, yana gyara ƙyalle, yana surutu shi kaɗai. Yana ganin Anaruwa ya tare shi.

"Akwai sauran abin nan mai ɗaci?"

"Babu, kuma ko akwai ba za ka samu ba. Ungo asuwaki, goge bakinka sosai, har dasashi."

Senebu ya goge yana ɓata fuska. Anaruwa ya kwance kyanwar, ya ninke jakar fatar ya cusa ganyen a ciki, ya tura ta ƙarƙashin wuyan dattijon. Senebu ya kwanta ya yi ajiyar zuciya. Kyanwa ta hau ƙirjinsa, ta zagaya, ta sake zagayawa, ta ƙi shiga. Idanunsa na nan tar suna kallon rufi.

Ƙasa ta fara rawa a hankali, kamar ana daka a wani gida mai nisa. Mai kan dila ya ɗaga sandarsa ya saita ta da goshin Anaruwa.

"Jirgi ya taso, ɗan Adam."

"Dakata, ranka ya daɗe. Baba, me ya hana ka?"

"Na manta yadda ake farawa," in ji Senebu. "Sarki dai ba ya barci sai da fifita. Ni na yi masa tun ina yaro har hannuna ya fara rawa."

"Kai wa ya yi maka?"

"Ba a yi wa mai fifita fifita."

Anaruwa ya tanƙwashe ƙafa a gefen dakalin, ya kama hannun babbar rigarsa ya fara kaɗawa. Da sauri ya fara.

"Wannan korar ƙuda ce," in ji Senebu. "A hankali. Ka bar iskar ta sauka kafin ka aiko wata."

Rawar ƙasa ta ƙaru, yashi na zubowa daga rufi. Duk jikin Anaruwa na cewa ya tashi ya gudu, ko ya leƙa waje ya ga inda rana take. Bai tashi ba. Ya kai hannun riga, ya jira, ya dawo da shi, ya jira. Fuskar dattijon ta fara saki. Kyanwa ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da kai, ta nutse cikin ƙirjinsa kamar man shanu a tuwo mai zafi. Idanun suka rufe.

Mai kan dila ya sauke sanda, ya kawo dogon bakinsa kusa da kunnen Anaruwa.

"Naka ya tsira. Tashi ka fita. Amma barcin bai kama ƙasa ba tukuna, kalma ɗaya za ta tashe shi, kuma ba sauran rana."

Ya koma jikin bango ya zama zane.

Anaruwa ya miƙe yana sanɗa. Ban kwana ya taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye shi. Ya kai bakin ƙofa ke nan sai muryar magagi ta biyo shi.

"Baƙo, tafiya za ka yi?"

Ya tsaya cak. A duk rayuwarsa bai taɓa barin dattijo ya yi masa tambaya ya ƙi amsawa ba. Leɓunansa suka fara motsi da kansu. Ya cusa hannun rigarsa a baki ya cije, hawaye na zubo masa, ya fita da baya da baya, ya ɗauki takalmansa a hannu. Rana ta taɓa yashi. Wani haske ya gifta ta ƙarƙashin ƙasa kamar garwashi cikin toka, wani ƙaton abu ya tsaya, ya shinshina, ya daɗe yana shinshinawa, sannan ya wuce.

Bayan magariba ya isa asibitin. Tasalla na kwance, idanunta a ɗaure, ba ta motsi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe baki, sai ya rufe. Ya lallaɓa ya zauna a ƙasa gefen gadon, ya ɗora hannun rigarsa kusa da yatsunta. Ta kama shi gam.

"Malam, yau kuma ba sallama?" Ta murza rigar da yatsu. "Duk yashi ne, kuma a jiƙe. Ina ka je?"

Ya jingina kai da ƙarfen gadon, baki a buɗe, minshari ya fara tashi. Ta zare mayafinta, ta lalubo kafaɗarsa ta rufa masa, ba ta tashe shi ba.